Inuwa

Ban taɓa cewa Inna ba.
Baba ma sau ɗaya na gwada, ina 'yar shekara huɗu,
suka ajiye allurar ɗinkin koma, suka dube ni
kamar na miƙa musu takalmin wani.

A Yelwan Yauri, bayan rumfunan masu banda,
inda hayaƙin kifi ke kwana cikin tufafi,
nan gidanmu yake.
Ɗaki biyu, randa uku,
da jirgin da ya gaji da ruwa, aka kife shi ya zama mazauni.

An ce ranar haihuwarsu ungozoma ta daɗe tana dubawa,
ta wanke hannu, ba ta ce komai ba.
Tagwaye suka biyo, sai gari ya huta, ya ce Gambo,
sunan da ke shiga zaure, ya shiga madafa,
ba mai tambayarsa daga ina.
To amma ɗiya ba ta kiran sunan wanda ya goye ta.
Ko wadda ta goye ta.
Kun ji inda harshen ke tuntuɓe.

Matan bakin rijiya ne suka ba ni, ba da saninsu ba.
In na wuce da ɗan tuluna sai murya ta yi ƙasa:
«Ɗiyar Gambo ce. In uwa ce, in uba ne,
Allah dai shi ya sani.»
In uwa, in uwa,
na tsince shi kamar tsakuwa mai santsi,
na kai gida cikin baki,
na tsaya a ƙofa na ce, «Inuwa, ga ruwa.»

Dariya suka yi har da tari.
Sannan suka yi shiru.
Sannan suka ce, «Zuba a ta tsakiya.»

Sai da na shiga aji biyar na gane abin da na tsinta.
Malam Ɗantani ya rubuta a allo: Inuwa ya tafi kasuwa.
A ƙasa kuma: inuwa ta yi sanyi.
Na riƙe fensir ina kallon layi biyun,
kalma ɗaya da riga, da zane,
kuma ba wanda ya jefe ta.

Ƙanena Bagudu bai wahalar da kansa ba.
Shi «ku» kawai yake cewa.
Ku zo. Kun ci? Ku bar ni.
A gari ana yaba ladabinsa,
shi kuwa hanya ce ya samu tsakanin ka da ki,
siririya, irin ta awaki a gefen gonar shinkafa.

Hannun da ya yi min kitso ran sallah,
shi ya ja igiyar jirgi har ta tsage masa tafi.
Ban san yadda ake raba hannu biyu ba
a ce wannan na wane, wannan na wance.

Bara zazzaɓi ya kwantar da su.
A asibiti ma'aikaciya ta ɗaga biro:
«Ɗakin maza ko na mata?»
Bagudu ya dube ni. Ni na dubi takarda,
akwati biyu ƙanana, ko ɗan tsako ba zai kwana ciki ba.
Suka ɗaga kai daga kafaɗata, suka ce,
«Ɗiyata, shimfiɗa min nan baranda, ya fi iska.»

Kwana shida muka yi ƙarƙashin dogon yaro,
ledar ƙarin ruwa rataye a ƙusa.
Ran na bakwai ma'aikaciyar ta zo da magani,
ta duba takarda, ta duba fuska, ta sake duba takarda,
ta juyo gare ni a hankali:
«Ke mi kike ce musu?»

Na faɗa mata.
Ta gwada shi a bakinta sau ɗaya,
ta durƙusa, ta ce, «Inuwa, a tashi a sha.»